MU GYARA INGILISHINMU: Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne

  A watan jiya na yi alkawari cewa za mu shiga maganar lokutan aikatau, to amma ku yi mini afuwa, wani abu ya taso da ya sa na ga gara mu jingine wancan tukuna.

Ran wata Asabar da la'asar ina zaune a ƙofar gida ina duba takardun yara, sai ga wani tsohon ɗalibina ya tsaya da babur. Yaro ne mai hankali da ladabi, ya ci jarrabawar bak shekara 3 da suka wuce, Faransancinsa ba laifi, Larabci kuwa ba a magana. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Malam, wasiƙa na kawo a duba mini. Sau biyu ke nan ina neman aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji da ke aiki can gabas, amma ko kira ba a yi mini ba." Na ce, "To miƙo mu gani, ɗana." Ya buɗe wayarsa ya miƙo mini. Ga yadda wasiƙar ta fara: "I right to apply for the post of storekeeper. I leave in N'Djamena and I want to walk with your stuff."

Na ce masa ya karanta mini da baki. Da ya karanta, duk na gane abin da yake nufi, wato yana rubutowa ne don neman aiki, yana zaune a Njamena, kuma yana son ya yi aiki tare da ma'aikatansu. Amma wanda zai karanta takardar a ofis ba muryar yaron zai ji ba, baƙaƙen da ke gabansa zai gani. Abin da baƙaƙen suka faɗa kuwa shi ne: ni dama ne, ina barin gari, kuma ina so in yi tafiya da tarkacenku. Mutumin da ke neman a ba shi mabuɗin sito ke nan yake cewa zai tafi da kayan mutane! Na yi dariya, shi ma ya yi, amma tasa dariyar ba ta kai ciki ba, domin mahaifinsa ya tsufa, ga ƙanne a bayansa.

Wani zai ce, mu a Chadi ina ruwanmu da Ingilishi, tunda harsunan hukuma Faransanci ne da Larabci? Wannan magana ta daɗe da tsufa. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a nan garin hedkwatarta take, kuma da Ingilishi da Faransanci take aiki. Tun da aka fara fitar da man Doba a 2003 kamfanoni suka shigo da Ingilishinsu. Rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tafkin ta kafa hedkwatarta a nan a 2015. Yaƙin Sudan da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya kwararo da 'yan gudun hijira ta Adre, ƙungiyoyin agaji suka biyo su, da yawansu kuwa da Ingilishi suke rubuta rahoto. Ga yaranmu da ke tafiya karatu Maiduguri da Kano da Zariya, ga 'yan kasuwarmu masu sayayya a Legas da Dubai da Sin. Duk waɗannan alƙalami ne zai yi musu magana a inda bakinsu bai kai ba.

Kurakuran yaron nan 4 ne, amma iri biyu ne, kuma ba magani ɗaya suke sha ba. Iri na farko shi ne na "right" da "write". Waɗannan ko a bakin Bature ɗan Landan furucinsu ɗaya ne, rubutu ne kawai da ma'ana suka raba su. A aji nakan kira su tagwaye. Iri na biyu shi ne na "leave" da "live", da "walk" da "work", da "stuff" da "staff". Waɗannan ba tagwaye ba ne ko kaɗan a wurin masu harshen, mu ne bakinmu ya haɗe su, sa'an nan hannu ya bi baki.

Bari mu fara da tagwayen. Kada yaro ya ɗauka Ingilishi ne kaɗai ke da wannan fitina. Duk wanda ya sha bulala a kan shifta a firamare ya san "mer" da "mère" da "maire", ya san "cent" da "sang" da "sans", ya kuma san "vert" da "verre" da "vers". Mu ma Hausawa muna da tamu, sai dai tamu a juye take. A wurinmu rubutun ne ɗaya, furucin ya bambanta: garin da muke zaune a ciki da garin tuwo, kukan yaro da kukar miya, wuyan riga da wuyar aiki. Ba mu rubuta karin sauti ko tsawon wasali, amma ba mu taɓa ruɗewa, domin jimla ce ke nuna mana wanda ake nufi. To haka shi ma Bature yake yi da kunnensa. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka ce ɗauki alƙalami.

Me ya sa abin ya yi wa Ingilishi yawa? Amsar tana cikin tarihi, kuma na ga yaro yakan fi riƙe kalma idan ya san dalilinta. A da can Ingilishi yadda ake faɗinsa haka ake rubuta shi, ko kusa da haka. Kalmar "knight", wato barde, ana furta "k" ɗin farkonta, ita kuma "gh" ɗin tsakiya sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin kha na Larabci. Har yau Jamusawa suna furta irinsa a kalmarsu ta dare, "Nacht". Haka nan "w" ɗin "write" ana furta shi. A 1476 wani ɗan kasuwa mai suna William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, daga nan rubutu ya fara daskarewa a kan takarda, amma baki bai tsaya ba. Tsakanin wajen 1400 zuwa 1700 dogayen wasulan harshen suka yi ta sauya wuri, "k" da "w" na farkon irin waɗannan kalmomi suka faɗi daga baki, sautin maƙogwaron nan ya ɓace. Sai aka wayi gari "knight" da "night" sun zama ɗaya a kunne, haka "know" da "no", haka "write" da "right". Su "meet" da "meat", da "see" da "sea", da can wasalinsu daban ne, shi ya sa aka rubuta su daban, daga baya ne suka haɗe. Wato baƙaƙen nan da ba a furtawa, waɗanda yara ke tsinewa, sawun tsohon furuci ne.

Yanzu ga abin da na fi so ɗalibanmu su ji, domin a nan ne suka fi takwarorinsu na Najeriya sa'a, amma ba su sani ba. A 1066 sarkin Normandi, William, ya haye teku daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da na shari'a a can, dubban kalmominsa suka shige cikin Ingilishi suka zauna. Saboda haka yaron da ya yi shekara 6 yana shifta da Faransanci mabuɗin rabin tagwayen nan yana aljihunsa. Alal misali, "peace" da "piece". Yaron Kano sai ya haddace su. Yaron Njamena kuwa ya tambayi kansa kawai: "paix" nake nufi ko "pièce"? Ta biyun ma rubutunta ɗaya ne da na Ingilishi, in ka cire 'yar alamar da ke kan wasali. Haka "sauce" da "source", waɗanda mutanen Ingila ke furta su iri ɗaya, mu kuwa tun muna yara mun san miya daban, mafarin ruwa daban. Haka "cereal" da "serial", ga "céréale" ga "série". Ku dubi 'yan ukun nan, "rain" da "reign" da "rein". Ta tsakiya ita ce "règne", mulki, ga "g" ɗinta nan ba ta yar ba. Ta ƙarshe ita ce "rêne", ragamar linzamin doki. Wadda ta rage ba ta da dangi a Faransanci, ita ce ruwan sama. "Our" tamu ce, "hour" kuwa "heure" ce da "h" ɗinta na ado. "Principal" shi ne babba ko shugaban makaranta, "principle" kuwa "principe" ce, wato aƙida ko ƙa'ida.

Akwai guda biyu da nake ja wa yara kunne a kansu ƙwarai, domin kuskurensu ya wuce na jarrabawa. "Prophet" shi ne annabi, "profit" kuwa riba ce ta kasuwa, kuma duk wanda ya san "prophète" da "profit" ba shi da uzuri. Haka nan "pray" ita ce yin salla ko addu'a, "prey" kuwa abin da zaki ko shaho ya kama ne. Na sha ganin waɗannan a saƙonnin barka da salla, raina ya ɓaci.

Labarin "flour" da "flower" ya fi ba ni sha'awa, tunda ɗazu mun ambaci gari. Asalinsu kalma ɗaya ce, "fleur". Garin alkama shi ne furen alkamar, wato mafi kyawun abin da ke cikinta, kuma har yau Faransawa suna cewa "fleur de farine". A ƙamus ɗin da Samuel Johnson ya fitar a 1755 ma ba a raba su ba, "flower" ce ke ɗauke da ma'anar fure da ta gari duka. Daga baya ne aka ba kowacce rubutunta. Sai kuma "stationery", kayan rubutu, da "stationary", abin da ke tsaye wuri ɗaya. Duk wanda ya zaga Kano ko Maiduguri ya ga allunan kantuna da aka rubuta ta biyun a madadin ta farkon. Dabarar da nake ba yara ita ce, mai "e" ta "enveloppe" ce, mai "a" ta "arrêt" ce.

Amma fa kada a ce na ce Faransanci yana buɗe kowace ƙofa. "Council", majalisa, da "counsel", shawara, duka biyu "conseil" ne a wurinsu, sai dai a haddace. Kuma 'yan ƙananan kalmomin nan na yau da kullum, waɗanda su ne suka fi kayar da mutane, ba daga Faransa suka zo ba. A nan sai dabarar ido. "Hear" ji ne, kuma ga "ear", kunne, a cikinta. "Here" da "there" da "where" duk na wuri ne, duk kuma da "here" suke ƙarewa. "Their" ta mallaka ce, nasu. "They're" kuwa kalma biyu ce aka matse, "they are". In kana shakka, ka warware ta ka gani ko jimlar za ta tsaya. Haka za ka yi wa "it's" da "its", da "you're" da "your". In ka sa "it is" jimlar ta zauna daidai, to mai ɗigon sama ce. In ta karkace, maras ɗigon ce.

Su kuwa "to" da "too" da "two", har rai sun ci. Ran 19 ga Fabrairun 1989 wani jirgin saman ɗaukar kaya ƙirar Boeing 747 na kamfanin Flying Tiger ya taso daga Singafo zai sauka Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya. Mai ba da umurni daga ƙasa ya ce su sauko "two four zero zero", wato ƙafa 2,400. Matuƙan suka ji "to four zero zero", wato zuwa ƙafa 400. Jirgin ya ci karo da tudu kafin ya kai filin, mutum 4 da ke ciki duk suka rasu. Nakan ba da wannan labari a aji, kuma ban taɓa ganin ajin da bai yi tsit ba. Domin rubutu kuwa, a tuna cewa "two" 'yar gidan su "twin" da "twice" da "twelve" da "twenty" ce, duk akwai biyu a cikinsu, duk kuma da "tw" suke farawa. "Too" mai wasali fiye da kima ita ce ta abin da ya yi yawa, ita ce kuma "ma" ta "ni ma".

To mu koma iri na biyu, wanda a ganina ya fi yi mana ɓarna, kuma littattafan da ake kawo mana daga waje ba su cika kula da shi ba, domin ba don bakinmu aka rubuta su ba. Ajina kamar kasuwar Dembe yake, kowane yaro da harshen da ya sha a nono, kuma kowane harshe da inda yake tuntuɓe. Ɗan Bahaushe ba ya raba "p" da "f", domin namu "f" ɗin a tsakaninsu yake, da leɓɓa biyu muke yin sa. Shi ya sa "pull" da "full", da "pan" da "fan", da "copy" da "coffee" duk ɗaya ne a wurinsa. Yaron da ya tashi da Larabci yakan mai da "p" ta koma "b", sai "pill", ƙwayar magani, ta zama "bill", takardar biyan kuɗi. In ya yi gardama nakan tuna masa cewa a Larabcinmu na nan baƙi ɗaya ne ya raba "galib" da "kalib", zuciya da kare, kuma bai taɓa yarda wani ya musanya masa su ba. Wanda Faransanci ya riƙe wa harshe kuwa "h" yake haɗiyewa, sai "hungry" ta zama "angry", mai jin yunwa ya koma mai fushi, "heat" ta zama "eat", "hair" ta zama "air". Sautin "th" kuwa kusan dukkanmu ya kayar, "think" ta koma "sink", "three" ta koma "tree". A kan wannan na ƙarshen akwai 'yar sassauci: a ƙa'idar sufurin jiragen sama ta duniya da gangan ake furta 3 "tree", 5 "fife", 9 "niner", don kada a ruɗe a rediyo. Amma wannan na matuƙa jirgi ne, mai duba takardar bak ba zai karɓa ba.

Maganin wannan iri ba a ƙamus yake ba, a baki yake. Domin "f", haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa, iska ta riƙa fita. Domin "p", leɓɓa biyu su rufe ruf sa'an nan su fashe. Nakan sa yaro ya riƙe 'yar takarda a gaban bakinsa ya ce "pan". In takardar ba ta yi tsalle ba, bai faɗa daidai ba. Yara suna son wannan wasa, har sai na tsawata.

Maganar wasali kuwa, ɗan Bahaushe ba shi da hujja ko ɗaya, domin harshensa ya riga ya koya masa dogo da gajere. Wasalin "live" da "ship" da "fill" gajere ne, kamar na farkon "biri". Na "leave" da "sheep" da "feel" dogo ne, kamar na farkon "kifi". Ƙasarmu ba ta da teku, kayanmu a jirgin ruwa suke zuwa Duwala, tumakinmu kuwa ta Ngeli da Kusuri suke bi zuwa Najeriya, saboda haka ɗan kasuwar da ya rubuta "my sheep has arrived" ya kamata ya tabbata wanne ne ya iso, jirgi ko tunkiya. "Staff" a bakin mutanen kudancin Ingila dogon "a" ne kamar na "rana", "stuff" kuwa gajere ne kamar na "dare". "Walk" dogon "o" ne, ba a furta "l" ɗinta. "Work" kuwa wasalinta babu shi a Hausa, amma yana kusa da na "peur" da "heure", ga Faransanci ya sake yi mana rana.

'Yan kasuwa, ga taku. "Fifteen" da "fifty", da "thirteen" da "thirty", har zuwa "nineteen" da "ninety", a waya ba su da wuyar musanyawa. Mai "teen" ƙarshenta ake ja, mai "ty" farkonta ake dannawa. Mu da muka saba lissafi da dala ko riyal, sa'an nan mu juya shi zuwa sefa, sa'an nan zuwa naira ko dalar Amurka, ba mu bukatar ƙarin ruɗani. Tsakanin 15,000 da 50,000 akwai abin da zai raba abota. In an faɗa maka farashi, ka maimaita shi lamba-lamba, "one five" ko "five zero", sa'an nan ka ce a aiko maka a rubuce. Gani ya kori ji.

Tsohon ɗalibin nan nawa ya kawo wata hujja da na san da yawanku za su kawo. Ya ce, "Amma Malam, wayar ba ta ja mini jan layi ba ko ɗaya." Na ce masa ai ba za ta ja ba. Abin da ta fi ganewa shi ne kalmar da babu ita a ƙamus, kalmominka kuwa duk suna ciki, wurin zama ne kawai suka ɓata. Wani lokaci ma ita ce ke cusa maka wadda ba ka nufa ba. Shawarar da na ba shi ita ce wadda wani malaminmu ya ba mu a makarantar horon malamai: kowa ya ware 'yan shafuka a bayan littafinsa, duk tagwayen da suka taɓa kayar da shi ya rubuta su, amma kada ya rubuta su tsirara, kowacce ya sa ta a cikin jimlar da ta shafi rayuwarsa, da sunan unguwarsu da sana'ar gidansu. Jerin da wani ya tsara maka ba ya zama a kai kamar wanda ka tara da kuskurenka. Kuma in wasiƙa ce mai muhimmanci, a bar ta ta kwana, da safe a karanta ta daga jimlar ƙarshe zuwa ta farko, domin ido ya ga abin da ke kan takarda, ba abin da zuciya ta yi niyya ba. Mun zauna da shi har aka kira magariba muna gyara tasa, ya kwafe ta da hannunsa sau biyu, ran Litinin ya aika.

Ga aikin gida na wannan wata. Akwai kuskure 9 a cikin waɗannan jimloli biyu, duk na tagwaye ne: "Last weak I went two the market to by meet and flower. The whether was hot, sew I did not waist time their." A gyara a aiko ta ofishin wannan mujalla kafin 20 ga wata, kuma ina roƙon iyaye da yayye su bar yara su yi da kansu. Amsa tana tafe a fitowa ta gaba, tare da maganar lokutan aikatau da na ɗauki alkawari, in Allah Ya kai mu.